Daga Zaure Zuwa Gaban Alƙali: Yadda Ake Bin Haƙƙin Aure, Gado da Diyya a Bauchi

Wata ranar Litinin wata mata ta shigo ofishin lauyan da nake wa aikin akawu a nan Bauchi, da goyo a baya, da baƙar leda a hannu. Kwananta tara da fita takaba. Mijinta direban Keke Napep ne, babbar mota ta bi ta kansa a hanyar Jos. Ta zazzage ledar a kan teburina: katin asibiti, hoton fasfo biyu, da katin zaɓen marigayin. Shi ke nan.

Na ce, "Baiwar Allah, ina rahoton 'yan sanda?" Ta ce ba ta san da shi ba. "Lambar motar fa?" Ta ce Yaya ne ya je caji ofis, wato wan mijin. Ranar sadakar uku mai motar ya aiko da buhun shinkafa biyu da kuɗi a ambulan, Yaya ya ce sun yafe, sun bar wa Allah. Ita tana ɗaki, ba wanda ya leƙo ya ji ta bakinta, ga marayu uku.

Zan dawo kan maganarta. Amma tun da na zauna a wannan tebur na lura yawancin haƙƙin da ke salwanta tun a makon farko yake salwanta, a zaure ko a gadon asibiti, kafin alƙali ya ji labarinsa. Ga yadda ake bi, daki-daki.

Mataki na farko: ƙofar da ta dace

Tun 2001 da Jihar Bauchi ta ƙaddamar da Shari'a, maganar aure, saki, riƙon yara da gado tsakanin Musulmi tana farawa ne a kotun shari'a ta yankinku. Wanda bai gamsu da hukunci ba sai ya ɗaukaka zuwa Babbar Kotun Shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi a kan waɗannan al'amura. A bisa mazhabar Malikiyya ake hukunci.

Wanda kuwa ya yi auren rajista, kamar da yawa daga 'yan'uwanmu Kirista na Tafawa Ɓalewa da Bogoro, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke iya raba aurensa, ƙarƙashin dokar raba auren rajista ta 1970. Ba a shigar da ƙarar rabuwa kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, kuma dole a nuna auren ya lalace yadda ba ya gyaruwa.

Kafin kotu akwai iyaye, da liman, da mai unguwa, da Hisba. Ni ina goyon bayan sulhu ƙwarai, don ya fi sauri, ya fi rufin asiri. Sharaɗina ɗaya ne: duk abin da aka cimma a rubuta shi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu su sa nasu, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa. Sulhun fatar baki yakan kai wata biyu, sannan kowa ya tuna abin da ya fi masa daɗi.

Idan an yi saki

A nemi takarda. Saki yana aukuwa da furuci, amma gardama a kotu a kan abu biyu take yawan tsayawa: saki nawa ne, kuma yaushe aka yi. Takardar ta ƙunshi sunan mijin da na matar, adadin sakin, kwanan wata, da sa hannu. Na ga takardar saki a bayan rasitin chaji, na ga wadda aka yago daga littafin makarantar yaro. Duk alƙali ya karɓa. A ɗauki hotonta a waya ranar da aka bayar, a aika wa wani amintacce, don takardu irin wannan sun iya ɓata a ranar da miji ya fara biko. Idan ta saƙon tes ko WhatsApp ya turo, kada a goge, kada a sayar da wayar.

Sai idda. Mai al'ada tsarki uku ne, wadda ta daina wata uku, mai ciki har ta haihu. A saki ɗaya ko biyu, ci da sha da wurin kwana duk suna wuyan miji har idda ta cika, kuma a ɗakinta ya kamata ta yi ta. Abin da aka saba, a haɗa mata kaya a sa ta a mota da daren nan, al'ada ce kawai, Shari'a ba ta ce haka ba. A saki uku tana da wurin zama, ciyarwa kuwa sai idan tana da ciki.

Kayan ɗaki nata ne, sadaki nata ne. Ranar kwashe kaya a tafi da dattijuwa ɗaya daga kowane ɓangare, a rubuta abin da aka fitar. Idan akwai bashin da miji ya ci a hannunta, ko kuɗin adashinta, ko akuyarta da ya sayar ya ce zai mayar, duk ana iya nema a kotu, amma za a tambaye ta shaida. Alat ɗin banki shaida ne mai ƙarfi.

Idan matar ce ke son fita

Nan ne tambaya ta fi yawa, kuma nan ne ake cutar mata saboda rashin sani. Hanyoyin sun bambanta, kuma wadda aka ambata a bakin rajistara ita ke yanke ko mace za ta biya ko ba za ta biya ba.

Kul'i shi ne mace ta fanshi kanta don ba ta son zaman, ba tare da ta kafa wa mijin laifi ba. Galibi sadaki ake mayarwa, ko abin da aka daidaita a kai. Wasu mazan sukan zo da doguwar takarda, har da kuɗin goro da na motar 'yan kai amarya. A nan alƙali yakan sa baki. Bayan kul'i babu kome sai da sabon ɗaurin aure da yardarta.

Amma idan duka ne, ko zagi na cin mutunci, ko ƙaurace wa shimfiɗa, wannan cutarwa ce. Idan ta tabbata, alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta mayar da ko sisi ba. Mata da yawa sukan gaji da zarya su ce, "Ranka ya daɗe, a faɗi kuɗinsa in biya," alhali da sun kawo shaida da ba su biya ba. Malikiyya ta sassauta a nan: ana karɓar shaidar ji, wato maƙwabta su ce abin ya yaɗu a unguwa cewa yana cutar da ita, ko da ba su gani da ido ba. Katin asibiti na ranar da aka yi dukan, da hoton raunin, suna ƙara nauyi. Duka kuma laifi ne a karan kansa, ana iya kai shi wurin 'yan sanda daban.

Wanda ya daina ciyarwa, alƙali zai ɗibar masa lokaci. Idan wa'adin ya cika bai kawo ba, a raba. Haka wanda ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal ya yi shiru, ba aike ba waya: matar ba sai ta zauna shekara da shekaru ba, tana iya kai ƙarar rashin ciyarwa.

Yara a hannun wa?

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an yaye yaro uba zai karɓe abinsa. A Malikiyya uwa ce ke da riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon ya koma wurin mahaifiyarta, wato kakar yaran ta wajen uwa, kuma dangin uwa mata suna gaba da na uba a jeri. Ana karɓe riƙo ne idan an tabbatar mai riƙon ba ta da amana, ko lafiyar da za ta kula, ko wurin zaman na da haɗari ga yaron.

Ko a hannun wa suke, ci da sutura da magani da makaranta na kan uba, gwargwadon ƙarfinsa. Wadda aurenta ya ƙare tana shayarwa tana iya neman ladan shayarwa. Shawarata ga mai neman kuɗin ciyarwa: kada ki je ki ce "a yanka masa abin da ya dace." Ki rubuto lissafin wata guda, mudun masara nawa, sabulu, kuɗin makaranta, kuɗin Islamiyya, maganin zazzaɓi. Ki roƙi a sa a hukuncin cewa ta banki ko ta hannun kotu zai riƙa biya, da ranar biyan. Shi ma uban yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa da kula da tarbiyyarsu, a rubuta ranakun.

Shigar da ƙarar kanta

Wannan ba wuya. Ka je wurin rajistara, ka faɗi da'awarka, ka biya kuɗin ƙara, ka karɓi rasit. Za a kai wa wanda ake ƙara sammaci, don haka ka zo da kwatancen gidansa ko shagonsa sosai. Ranar zama ka zo da shaidunka da asalin takardu. A kotun shari'a mutum na iya tsaya wa kansa ba lauya. Idan hukunci bai yi maka ba, ka nemi kwafin shari'a nan take, don wa'adin ɗaukaka ƙara galibi kwana 30 ne.

Marar hali ya nemi ofishin Legal Aid, hukumar tarayya mai ba da lauya kyauta. Dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar diyyar haɗari, kuma an yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Mata da yara suna da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Haɗarin mota: kwanakin farko

Rai ne gaba. A kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, a kai mutum asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa. Amma cikin masu rakiya a samu mutum ɗaya mai sanyin kai da zai tsaya ya ɗauki hoton lambar motar, da yadda motocin suka tsaya kafin a janye su, da lambar wayar mutum biyu da abin ya faru a idonsu. Mai shayin bakin titi ya fi fasinja amfani, don gobe ma yana nan.

Na biyu, rahoto a ofishin 'yan sanda na yankin da abin ya faru. Su ne za su zana taswirar wurin, su sa a duba motar, su riƙe takardun direba. A nemi kwafin rahoton.

Na uku, maganar ɗori. Na san mutanenmu, da an ce karaya sai a ce a sa hannu a fitar da shi a kai wa mai ɗori. Ban zo gardamar wanda ya fi iya haɗa ƙashi ba. Abin da na sani shi ne mai ɗori ba ya ba da rahoton da kotu ko kamfanin inshora za su karɓa. A yi hoton ƙashi, a buɗe fayil, ko a Asibitin Koyarwa na ATBU ne, ko a Azare, ko babban asibitin ƙaramar hukuma, a nemi rahoton likita mai bayyana raunin da abin da zai bari a jiki. Wani magini da muka yi wa aiki ya zo bayan wata bakwai da ƙafa a karkace, ba takarda ko ɗaya. Lauyan ɗaya ɓangaren tambaya guda ya yi: motar ce ta karkatar da ƙafar ko ɗorin?

Na huɗu, rasit. Kotu ta kasa diyya gida biyu. Akwai asarar da ake lissafawa, kamar kuɗin magani, gyaran babur, da cinikin da aka rasa ana jinya, wannan sai an tabbatar da ita ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ta raɗaɗi da naƙasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa. A samu leda guda a riƙa jefa kowace takarda, har ta kemis. Mai kemis ɗin da bai ba da rasit ba a roƙe shi ya rubuta ya buga hatimi.

Wa zai biya?

Gurfanar da direba da 'yan sanda ke yi shari'ar gwamnati ce, tarar da aka ci shi ba aljihunka za ta shiga ba. Neman diyya ƙara ce daban, kuma ana haɗa direba da mai motar idan a bakin aikinsa yake, don direban tirela ba shi da abin biya, maigidansa ke da shi.

Sai inshora. Takardar nan da direbobi ke saya don kawai a wuce shingen 'yan sanda, an yi ta ne domin wanda aka buge. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, ban da rauni da rasa rai, waɗanda su ma tana ɗauka. Matsalar ita ce jabu ta yi yawa. Ana duba ingancinta da lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID ta intanet. Idan ta gaske ce, a rubuta wa kamfanin wasiƙa da wuri, a haɗa rahoton 'yan sanda da na likita, a riƙe kwafin da suka buga wa hatimin karɓa. Idan suka yi ta ja, ana kai kuka NAICOM.

Abu biyu a kiyaye. Idan kai ma da naka sakacin, kamar goyon mutum uku a babur ko tafiya ba fitila da dare, za a rage diyyar gwargwadon laifinka. Idan kuma motar hukuma ce, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 kacal. Wanda ya tsaya sai ya warke sarai, ƙofar na iya rufewa.

Kada a sa hannu a takardar "na janye, ba ni da sauran magana" ana kan gadon asibiti. Karɓar taimakon magani daga mai mota ba laifi ba ne, a rubuta cewa na magani ne. Ciwon da aka ce na sati biyu ne yakan koma tiyata biyu.

Rauni a wurin aiki

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun NSITF, wanda daga cikinsa ake biyan diyyar, kuma haramun ne ya cire daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, gara a rubuce. Su kuma su kai rahoto cikin kwana 7. Neman diyyar cikin shekara 1 ne. Ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba, kuma dokar ta haɗa da haɗarin da ya same ka a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida. Rigimar da ta ƙi ƙarewa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai ta. Leburan da ake sallama kullum da yamma ya riƙe duk abin da zai nuna a nan yake aiki: katin shiga, alat ɗin biya, abokan aiki biyu da za su yi magana.

Idan an rasa rai

Mukan yi jana'iza a ranar, haka addini ya koyar, amma wani ya tsaya ya karɓi takardar shaidar rasuwa a asibiti, daga baya a yi ta Hukumar Ƙidaya. Banki da kamfanin fansho za su nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun Jiha. Wanda aka rubuta sunansa a fom ɗin banki a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, wakili ne kawai da za a tuntuɓa. Ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho na dokar 2014 yana da inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su taɓa jin wannan ba.

A Shari'a diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Ido ɗaya ko hannu ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. A aikace da wuya a biya cikakkiya, sulhu ake yi a kan abin da ya sawwaƙa. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne diyya gado ce. Ana raba ta kamar sauran dukiya, bayan biyan bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba.

Mu ɗauki misali da iyalin matar nan: mata ɗaya, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. A ce an daidaita a kan naira 2,400,000, ba bashi. Matar tana da tumuni, 300,000. Mahaifiya sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 a kasa biyar: kowane ɗa namiji 680,000, 'yar 340,000. Yaya da ya yafe a zaure ba shi da ko kwabo, don ɗa namiji ya kange shi. Kowane baligi na iya yafe nasa kason, kuma yafiya abu ne mai lada. Kason maraya kuwa ba mai ikon kyautar da shi, ko waliyyinsa.

Da lauyan da nake wa aiki ya yi wa matar wannan lissafi, ta yi shiru, sannan ta ce, "Barista, ni ba na son a ce na kai dangin mijina kotu." Ya ce mata ba da su ake shari'a ba, da mai mota ne. Muka samo lambar motar a littafin 'yan sanda. Inshorar ta fito jabu, saboda haka kan mai motar aka koma kai tsaye. Aka kira Yaya, aka zaunar da shi da limamin unguwarsu, ba a kunyata shi ba, shi ma ya ce bai san hukuncin haka yake ba, kuma da shi aka je zaman sulhun. Mahaifiyar marigayin ta ce ita ta yafe nata, aka rubuta. Mai motar ya nemi a cire shinkafa da kuɗin ambulan daga lissafi, aka cire. Sauran ya biya kashi uku cikin wata biyar, a gaban alƙali, aka buɗe wa yaran asusu da sunayensu. Ranar biyan ƙarshe ta zo da baƙar ledar nan, ta sa kwafin hukuncin da rasit uku a ciki, ta ɗaure bakinta.